Farin Soso na Tekawe da na Kwali: Ire-irensa da Yadda Mai Sana'a Za Ta Yi Aiki da Shi

Darasinmu na wannan karo a kan wani abu ne da kusan duk mai sana'ar abinci ko abin sha take taɓawa kullum, wato farin abin nan marar nauyi da ake yin robar tekawe da shi, wanda kuma muke gani a cikin kwalin sabuwar talabijin ko firji. Wasu suna ce masa farin soso, wasu fom, wasu kuma sun bar shi da sunan tekawe kawai. A nan zan riƙa kiransa farin soso.

Wata za ta ce, me ya haɗa soso da littafin adashi? A ƙungiyoyin da nake zagayawa cikin garin Sakkwato, rance da yawa da ake ɗauka daga akwati yana tafiya ne ga sana'ar masa, ƙosai, awara, ɗanwake, zoɓo, kunun aya da ƙanƙara. Kowace daga cikin sana'o'in nan tana haɗuwa da farin soso. Wata yana tsare mata jari, wata yana cin ribarta a hankali, wata kuma yana iya sa ta cutar da mai saye ba da saninta ba. Maganar a dunƙule ita ce: farin soso abokin sanyi ne, amma ba ya shiri da zafi, da mai, da wuta.

Mene ne shi, kuma daga ina yake?

Sunansa a wurin masana folistarin. Roba ce da ake yi da wani sinadari mai suna sitarin, wanda ake samu daga man fetur da iskar gas. Idan aka bar robar haka nan, tauri gare ta kamar gilas. Idan kuma aka hura mata iska tana da zafi, sai ta kumbura ta zama kumfa, ta daskare a haka. Wannan daskararriyar kumfa ita ce farin soso.

A irin wanda ake sawa cikin kwali, kashi 98 cikin 100 iska ce, kashi 2 kawai ne roba. Shi ya sa yaro zai ɗauki wanda ya fi shi girma da hannu ɗaya. Iskar nan a kulle take cikin ƙananan ɗakuna masu yawan gaske, kuma iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya ratsa da sauri. Duk amfanin farin soso daga nan ya fito: rashin nauyi, tare zafi, da shanye bugu.

Kamfanin Dow na Amurka ne ya fara fitar da iri ɗaya a shekarun 1940, ya sa masa suna Styrofoam. Kamfanin BASF na Jamus kuma ya fito da mai ƙwayoyi a farkon shekarun 1950, da sunan Styropor. Yau sunan Styrofoam ya bi bakin mutane, ana kiran kowane iri da shi, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki omo.

Ire-irensa guda uku

*1. Mai ƙwayoyi.* Wannan shi ne na cikin kwalin kayan lantarki. Idan kika duba shi da kyau za ki ga ƙananan ƙwayoyi farare a manne da juna, kamar dawa da aka curo. Idan kika karya shi sai ƙwayoyin su warwatse, su manne a hannu da tufafi. Yadda ake yin sa, ana turara ƙananan ƙwayoyin roba da tururi har su kumbura, sannan a matse su cikin mazubi su ɗauki siffar da ake so. 'Yan kasuwa suna rubuta shi da haruffan EPS. Da shi ake yin:

- farin akwatin ƙanƙara da na jigilar kifi da magunguna masu son sanyi;
- matashin da ke tare talabijin, fanka ko firji kada su fashe a mota;
- cikin hular kwano ta 'yan kabu-kabu;
- adon silin da na gaban gini, da manyan haruffan da masu kwalliyar wurin biki suke yankawa;
- kek na ƙarya da ake jerawa ƙarƙashin na gaske a ranar biki;
- abin da ke sa ragar masunta ta tsaya a saman ruwa.

*2. Allo mai santsi.* Wannan ba shi da ƙwayoyi. Ana narkar da robar ne a haɗa ta da iska, a turo ta waje ta wata kafa kamar yadda injin taliya yake turo taliya, sai ta fito allo mai faɗi. Yakan zo da launi: shuɗi, ruwan hoda, kore ko rawaya. Ya fi mai ƙwayoyi ƙarfi, ya fi shi ƙin shan ruwa, ya kuma fi shi tsada. Idan aka karya shi yana ɓallewa tsaf, ba ya zubar da ƙwayoyi. Haruffansa XPS. Aikinsa a gini ne: ana sa shi a bango, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko a ɗakin sanyi, don ya tare zafi.

*3. Siririn faifai na abinci.* Shi ne wanda muka fi sani. Ana fitar da shi siriri kamar tabarma, a naɗe, sannan a gasa shi kaɗan a danna shi cikin siffar kwano. Robar tekawe mai murfi, farantin da ake jefarwa bayan an ci, da tiren da manyan shaguna suke jera nama ko kaza a kai, duk shi ne. Fatarsa tana da ɗan sheƙi, kuma idan kika danna farce sai ya bar shaida.

Akwai kuma ɗan'uwansu wanda ba a hura wa iska ba. Shi ne ƙaramin cokalin roba da ake sawa cikin tekawe, da wasu kofunan da ke tsagewa da ƙara idan aka matse su, da wasu robobin yogot. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da farin soso, kuma halinsu ɗaya wajen ƙin zafi.

Yadda za ki gane shi

Ki juya gindin robar. Sau da yawa za ki ga alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Lamba 6, ko haruffan PS, folistarin ke nan. Lamba 5, ko haruffan PP, wata roba ce dabam wadda ta fi jure zafi, irin robar nan mai haske da murfi mai kamawa. Lamba 1 kuma ta gorar ruwa da ta lemo ce. Wadda ba ta iya karatu ba za ta iya riƙe siffar lambobi biyun nan, 5 da 6, ko ta sa ɗan makaranta ya duba mata kafin ta biya kuɗi.

Kada a haɗa shi da soson katifa ko na kujera. Wancan wani sinadari ne dabam, yana shan ruwa, kuma idan aka danna shi yana dawowa. Farin soso ba ya dawowa. Wannan ma abin faɗa wa maigida ko ɗa mai kabu-kabu ne: hular kwanon da ta taɓa shan mugun bugu ta gama aikinta, ko da wajenta bai nuna ba, domin soson ciki ya riga ya matse.

Inda yake kawo riba

Kowa ya san Sakkwato daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a ma'aunin salshiyos. Ga wutar lantarki ba tabbas. A irin wannan lokaci mai sayar da zoɓo, kunun aya, fura da nono ko ruwan leda, sanyi take sayarwa kafin ɗanɗano. Kunun aya ma idan ya sha zafi yana tsami da wuri, jari ya zube. Haka mai sarin kifi daga Kwalkwalawa zuwa cikin gari. A nan farin akwati yake nuna amfaninsa, in an san yadda ake riƙe shi:

- Ki sanyaya kayan tun kafin ki zuba. Akwatin ba ya kawo sanyi, tsare wanda ya samu kawai yake yi.
- Ki cika shi. Akwatin da rabinsa iska ce yana saurin narkar da ƙanƙara. Idan kayan sun ragu, ki cike gurbin da tsaftataccen zane.
- Ki sa ƙanƙara a sama, domin sanyi ƙasa yake sauka. Babban curi ya fi wadda aka farfasa daɗewa.
- Kada ki ajiye shi a kan ƙasa mai zafi ko siminti. Ki ɗora a benci ko katako, a inuwa, ki lulluɓe da buhu.
- Ki rage buɗe murfi. Ki san abin da za ki ɗauko kafin ki buɗe.
- Ki shimfiɗa leda mai kauri a ciki, ki naɗe bakinsa da kusurwoyinsa da salatif, domin daga nan yake fara gutsurewa.
- Ki wanke da sabulu da ruwa marar zafi, ki shanya a inuwa. Rana tana mayar da shi rawaya, fatarsa ta riƙa zuba kamar gari.
- Akwatin ɗanyen kifi ko nama dabam, na abin sha dabam. Ruwan kifi yana shiga tsakanin ƙwayoyin, wanki ba ya fitar da shi duka.

Wadda jarinta bai kai na sayen kula ba, tana iya haɗa tata. Ki nemi manyan guntayen soso mai ƙwayoyi a wurin masu sayar da kayan lantarki a Babbar Kasuwa, waɗanda kaurinsu ya kai yatsa biyu ko fiye. Ki jera su a cikin kwali mai ƙarfi ko akwatin katako, ƙasa da gefe huɗu, kada ki bar kafa. Ki rufe da leda, ki yanka wani ya zama murfi. Ba za ta kai kular kanti ba, amma za ta riƙe ki har Allah ya kawo ranar rabon kuɗi.

Masu sayar da turare, humra da ƙwai su ma suna iya tare kwalabe da tire da guntayensa idan za a aika kaya ƙauye.

Inda yake cutarwa

*Zafi da mai.* Farin soso yana fara laushi tun kafin zafi ya kai na tafasasshen ruwa, wato digiri 100. Man suya kuwa yakan wuce digiri 170. Shi ya sa idan aka tsamo ƙosai ko awara daga kasko aka jefa cikin tekawe kai tsaye, sai ki ga wurin ya lotsa, ko ya huje. Haka idan aka kwara soyayyen mai a kan ɗanwake ko shinkafa da wake a cikin robar. Abin da ya narke ɗin nan bai tafi ko'ina ba, yana jikin abincin.

Ko robar ba ta huje ba, ɗan sinadarin sitarin yana iya ratsawa zuwa cikin abinci. Abubuwa uku ne suke ƙara shi: zafi, maiƙo, da daɗewar abinci a ciki. A shekarar 2018 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon na Faransa, ta sa sitarin cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar daji. A fahimce ni da kyau, iyayena. Waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne ma'aikatan masana'antu da suke shaƙar sinadarin kullum, kuma abin da yake shiga abinci kaɗan ne. Ba wai wanda ya ci shinkafa a tekawe ranar walima ya kamu da ciwo ba. Amma mai sayen abincinmu gobe ma zai dawo, jibi ma haka, wasunsu yara ne 'yan makaranta. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin ba shi da tsada:

- Ki tsane suya a matsami ko kwando, ta sha iska kafin ki zuba.
- Ki haɗa abinci da mai a kwanon ƙarfe, ya huce, sannan ki juye.
- Miya mai zafi, farfesu, koko da shayi, a nema musu kwano, kofin ƙarfe ko roba mai lamba 5.
- Kada a ɗumama abinci a cikin tekawe, ko a na'urar ɗumama abinci ko a kan murfin tukunya.

*Wuta.* Na sha ganin ana hura gawayi da guntun soso ko leda saboda yana kamawa da sauri. Don Allah mu bari. Yana ci da baƙin hayaƙi mai guba, yana kuma ɗiga yana ci, ɗigon ya manne a fata. Mai hurawa ita ce ta farko da za ta shaƙa, sai goyon da ke bayanta. Kara, busasshiyar ciyawa da ƙiraruwa sun ishe mu. Wadda ta sa soso a silin ɗin shago ko ɗaki, ta nisanta shi da murhu, fitila da wayar lantarki da ta tsufa.

*Fetur.* Fetur da sinadarin tsinka fenti suna narkar da shi nan take. Wasu suna yin haka da gangan don su samu gam na liƙe bokiti ko rufin kwano. Wannan gam yana kama wuta cikin ƙiftawar ido, warinsa yana hawa kai, kuma bai halatta ya taɓa mazubin ruwan sha ko na abinci ba. A hana yara wasa da shi.

Bayan an ci an jefar

Farin soso ba ya ruɓewa kamar ganye ko takarda. Farfashewa yake yi, ya zama ƙanana, ya zauna shekara da shekaru. 'Yan gwangwan ma da wuya su saye shi, domin buhu guda ba ya nauyin komai. Saboda yana tasowa saman ruwa, ruwan sama na farko yana kwashe shi zuwa kwata, ya haɗu da leda da yashi ya toshe hanya. Mutanen Mabera ba sai an ba su labarin abin da ruwa yake yi ba idan ya rasa hanya da damina. Kwatar da ta toshe kuma gidan sauro ce, kuɗin maganin zazzaɓi kuwa daga ribar nan tamu yake fita.

Sai dabbobi. Da yawa daga cikinmu akuya ce bankinmu na biyu bayan akwati. Tekawe mai ƙamshin mai da yaji tana jan akuya, ta cinye ta, cikinta kuma ba ya narkar da roba. Idan ta taru, sai dabba ta riƙa ramewa tana ƙin kiwo. Kaji su ma suna tsattsagar ƙwayoyin soso kamar hatsi, su cika ciki da abin da ba abinci ba.

A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas ta haramta sayarwa da yin amfani da robar tekawe ta farin soso, kuma babban dalilin da ta bayar shi ne toshe magudanan ruwa. Masu sayar da abinci a can dole suka nemi wani mazubi. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada mace ta ɗauki rance mai nauyi ta jibge shi duka a sarin tekawe, kuma mai abinci ta fara saba wa masu sayenta da wani mazubi tun yanzu.

Mu yi lissafi

Waɗannan lambobi misali ne kawai, kowa ta sa farashin da take saye. Mu ce tekawe ɗaya naira 50, kina amfani da 40 a rana. Naira 2,000 ke nan. A kwana shida, naira 12,000. A mako huɗu, naira 48,000, kuma duk a bola suke ƙarewa. Yanzu ki tambayi kanki: cikin mutum 40 ɗin nan, nawa ne suke ci a wurin, nawa ne maƙwabta da za su iya aiko da kwanonsu? Idan rabi ne, kin tsira da naira 24,000 a wata. Ki cire kuɗin sabulu da ruwan wanke-wanke, abin da ya rage ya isa ya fara sayen farantan silba da za su yi shekaru, ya kuma ƙara miki zubi. Araha ba ta ado, abin da ake saye kullum a jefar shi ne mai tsada.

Ƙungiya ma tana iya sayen farantai da kuloli na haɗin gwiwa, ta riƙa ba da haya ranar suna, biki ko walima, kuɗin hayar ya shiga akwati.

Tambayoyin da aka fi yi mini

*"Malama, in na wanke tekawe, ba ni iya sake aiki da ita?"* Don abincin sayarwa, a'a, Hajiya. Mai yana shiga jikinta, cokali yana kankare ta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ana iya ajiye maɓalli, zare ko irin shuka a ciki.

*"To mu da mutane sunka saba da ita, in mun bari ai kasuwa na guje muna."* Ba a ce a bari rana ɗaya ba, Yaya. Ki fara da abinci mai zafi da mai. Ki ɗan ƙara wa wanda ya zo da kwanonsa gyara, za ki ga an fara zuwa da kwano. Cincin, dubulan da sauran busassun kaya da suka huce ba su da wannan matsala.

*"Ɗiyata, in ba a ƙone shi ba, ina za mu kai shi?"* Inna, a tara a buhu a ɗaure baki, kada iska ko akuya su kai gare shi, a kai wurin da aka ware don zubar da shara. Manyan guntaye kuma a ba mai haɗa akwatin sanyi. Mafi sauƙi dai shi ne a rage sayensa tun farko.

Aikin zama na gaba

1. Kowace mace ta zo da mazubi ɗaya da take aiki da shi a sana'arta. Za mu juya gindinsa tare mu nemi lamba.
2. Masu sana'ar abinci su ƙirga tekawe nawa suka kashe cikin mako, marubuciya ta rubuta.
3. Masu sana'ar sanyi su gwada shawarwarin akwati na kwana uku, su faɗa mana ko ƙanƙara ta ƙara daɗewa.
4. A tattauna ko ƙungiya za ta sayi farantan haya, da wadda za ta riƙe su.

Wanda ya miƙo kuɗinsa ya karɓi abincinmu, amanar cikinsa ya ba mu. Mu sa farin soso inda yake tsare mana jari, mu ɗauke shi daga bakin kasko da murhu. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon biyan rance a kan lokaci, ya tsare mu da iyalanmu. Amin.